Marc Márquez: Gwanintar da Ta Rufe Asirin Honda, Ta Kuma Kusa Cinye Mai Ita

Ranar 28 ga Satumbar 2025, a filin tsere na Motegi da ke Japan, Marc Márquez ya zo na biyu, sannan ya tsaya a gefen kwalta yana kuka cikin hular kwano. Na biyun nan ya ishe shi ya lashe gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya, karo na bakwai, bayan shekara shida rabonsa da kambun. Filin mallakar kamfanin Honda ne, wanda ya yi wa aiki shekara goma sha ɗaya, amma babur ɗin da ke ƙarƙashinsa a ranar jan Ducati ne na Italiya. Yawancin masu sharhi sun kira abin da ya faru labarin jarumta, na mutumin da ya ƙi miƙa wuya bayan an yi masa tiyata sau huɗu a hannu ɗaya. A ganina wannan fassarar ta taɓa gefen lamarin ne kawai, domin jarumtar ce ta jefa shi cikin ramin tun farko, kuma abin da ya fito da shi ba ƙarin jarumta ba ne, lissafi ne mai sanyi da yarda da asara.

Kafin a gane haka sai an san irin dabbar da ake hawa. Babur ɗin MotoGP ba a sayar da shi a kasuwa, kamfani ne ke ƙera shi don tsere kaɗai. Injinsa na da girman cc 1,000, nauyinsa bai gaza kilo 157 ba, kuma a 2023 Brad Binder ya kai gudun kilomita 366.1 a awa ɗaya a kan miƙaƙƙiyar hanyar Mugello. Amma ba a miƙaƙƙiyar hanya ake cin tsere ba, domin kowa na iya murɗa totur. A kwana ake rabuwa: wanda ya fi jinkirta kama birki, ya kwantar da babur fiye da digiri sittin ba tare da tayar gaba ta zame ba, ya kuma riga saura buɗe wuta a mafita, shi ne zai tafi da 'yan ɗigon daƙiƙar da ke raba zakara da na goma. Duk wannan nauyi da gudu yana kan wani ɗan fili na roba da bai fi tafin hannu ba. Duk wanda ya taɓa shan kwana da babur a kan yashi ya san cewa idan tayar baya ta zame akwai dabara, idan kuwa ta gaba ce, sai dai a tashi a karkaɗe riga.

Márquez ya gina sunansa ne a kan ƙaryata wannan ƙa'ida ta ƙarshe.

An haife shi a 1993 a Cervera, wani ƙaramin gari a yankin Kataloniya na Sifaniya, shi ya sa yake ɗauke da lamba 93. Ya ci gasar ƙananan babura masu cc 125 a 2010, ya ci ta Moto2, wato matakin da ke ƙasa da MotoGP, a 2012, kuma tun a wannan mataki halinsa ya bayyana. A Estoril a 2010 ya faɗi a zagayen fita zuwa layin farawa, makanikai suka ɗinke babur ɗin a gurguje, ya tashi daga baya ya ci tseren. A Valencia a 2012 an hukunta shi da farawa daga layin ƙarshe, nan ma ya ratsa kowa ya zo na ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun akwai gargaɗin farko: a Sepang ta Malesiya a 2011 ya faɗi lokacin gwaji, jijiyar idonsa ta taɓu, ya koma ganin abu ɗaya ya zama biyu, har sai da aka yi masa aiki a farkon 2012. A wancan makon ne kuma, a wannan filin, Marco Simoncelli ya rasa ransa a babban tseren.

Da Casey Stoner ya ajiye tsere a ƙarshen 2012, Honda ta ba wannan yaro ɗan shekara ashirin kujerarsa. A tserensa na biyu, a Austin ta jihar Texas, ya yi nasara, kuma a ƙarshen kakar 2013 ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin babbar gasar, inda ya karya tarihin da Freddie Spencer ya kafa tun 1983. A 2014 ya ci tsere goma na farko a jere, ya ƙare da sha uku.

Salon tuƙinsa shi ne zuciyar maganar. Sauran matuƙa suna kusantar iyakar riƙon taya ne daga ƙasa, a hankali, suna ƙara gudu kaɗan-kaɗan har su ji alamar haɗari su tsaya. Shi kuwa daga sama yake zuwa: ranar Juma'a da Asabar, lokacin gwaji, sai ya wuce iyakar da gangan, ya faɗi, ya tashi da sanin daidai inda take, domin ranar Lahadi, ranar da ake raba maki, ya zauna a bakinta. A kakar 2017 kaɗai ya faɗi sau 27, ya kuma ci gasar. Sannan ya ƙware a wani abu da kafin shi ake ɗauka sa'a ce kawai. Idan tayar gaba ta zame, hannun babur ya karye ciki, hayaƙin roba ya tashi, maimakon ya saki sai ya kafa gwiwar ƙafa da gwiwar hannu a kan kwalta, ya tokare babur mai kilo 157 da jikinsa har tayar ta sake kamawa. A tseren ƙarshe na 2017 a Valencia, ranar da kambun ke hannu tsakaninsa da Andrea Dovizioso, ya yi haka a kwanar farko, ya zarce cikin tsakuwa, ya dawo ya zo na uku. Atisayen da yake yi a filin ƙasa mai zagayawa hagu ya saba masa da babur mai zamewa, shi ya sa filayen da kwanoninsu suka fi karkata hagu suka zama gonarsa. A Sachsenring ta Jamus bai sha kaye ba ko sau ɗaya daga 2010 zuwa 2019, a matakai uku na gasar.

Irin wannan tuƙi ba ya barin abokan hamayya su yi barci, kuma ya jawo masa gaba mafi tsawo a tarihin wasan na kusa. A 2015 ya yi gogayya da Valentino Rossi, shahararren matuƙin Italiya, a Ajantina da Assen, sai kuma a Sepang Rossi ya fito gaban 'yan jarida ya zarge shi da taimaka wa Jorge Lorenzo, ɗan ƙasarsu ta Sifaniya, a tseren da ya gabata a Ostareliya. Ranar Lahadi suka yi ta wuce juna kamar ba gobe, har Rossi ya tura shi waje a wata kwana, suka gogu, Márquez ya faɗi. Hukuncin da aka yanke ya mayar da Rossi layin ƙarshe a Valencia, Lorenzo ya ci gasar da ratar maki biyar, kuma har yau akwai filayen Italiya da ake yi wa Márquez ihu. Ba zan tsaya raba gardamar wa ya fi laifi ba. Abin da ya fi muhimmanci a wannan shekarar shi ne darasin da ya ɗauka daga faɗuwa da yawa a ranakun Lahadi: daga 2016 ya koyi karɓar na biyu ko na uku idan babur bai kai ba, sai ya jera kambu huɗu, daga 2016 zuwa 2019.

To, a nan ne matsalar Honda ta fara, kuma babu wanda ya gan ta saboda kofuna sun tare ƙofa. Injiniyoyi suna gyara babur ne bisa abin da matuƙi ya faɗa musu da abin da agogo ya nuna. Idan babban matuƙinka na iya cin tsere da babur mai tayar gaba marar amana, to ba ka da dalilin kashe kuɗi da lokaci a kan amanar tayar gaba. Sai ka ƙara masa ƙarfin inji, tunda shi yake nema don ya bi Ducati a miƙaƙƙiyar hanya, ka bar shi ya ji da sauran a kwana. Shekara bayan shekara RC213V, babur ɗin tseren Honda, ya zama babur na mutum ɗaya. Alƙaluman 2019 sun isa shaida: Márquez ya tara maki 420, ya ci tsere 12, ya zo na ɗaya ko na biyu a 18 cikin 19, alhali matuƙin Honda da ke biye masa a teburi, Cal Crutchlow, yana matsayi na tara da maki 133. Lorenzo, wanda ya ci babbar gasar sau uku, ya hau wannan babur ɗin a shekarar, bai shiga goman farko ba ko sau ɗaya, ya ji rauni a ƙashin baya, ya yi ritaya a ƙarshen kaka. Kamfanin ya dubi wannan teburi bai ga ƙararrawa ba, sai ya ba Márquez kwantiragin shekara huɗu, daga 2021 zuwa 2024, abin da ba a saba ba a wasan da ake ƙulla yarjejeniyar shekara biyu-biyu. An zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ke nan, aka kuma ba wa mai gudu ya ɗauka.

Kwandon ya faɗi ranar 19 ga Yulin 2020 a Jerez, a tseren farko bayan jinkirin annobar korona. Yana kan gaba ya zame ya shiga tsakuwa, ya dawo a can baya, ya dinga wuce mutane ɗaya bayan ɗaya har ya kai na uku. Saura zagaye huɗu, yana farautar na biyu, tayar baya ta zame ta sake kamawa da ƙarfi, babur ya cilla shi sama, sannan ya bi shi ya daki dantsensa na dama. Ƙashin ya karye. Karaya ce irin wadda matuƙa ke warkewa daga ita cikin 'yan makonni, kuma da a nan aka tsaya da labarin bai kai haka ba.

An sa masa farantin ƙarfe a Barcelona ranar Talata. Ranar Alhamis ya koma Jerez, ya dafa ƙasa da hannuwa ya yi motsa jiki a gaban likitocin gasar, suka ce ya cancanta. Ranar Asabar, kwana huɗu bayan tiyata, ya hau babur ɗin da a kowane birki yake jefa nauyin jiki duka a kan hannuwa, ya yi 'yan zagaye, hannun ya kumbura, ya janye. Kwanaki kaɗan bayan haka farantin da ya riga ya gaji ya karye a gida yayin da yake buɗe wata babbar taga. Aka yi tiyata ta biyu a watan Agusta, ƙashin ya ƙi haɗuwa, ƙwayar cuta ta shiga, aka yi ta uku a Madrid a Disamba, inda aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka yi dashe. Shi da kansa ya amince daga baya cewa komawar gaggawar nan kuskure ce. Amma ya kamata a lura cewa kuskuren ba baƙo ba ne a tsarin tunaninsa: dabarar nan ce ta wuce iyaka don a san inda take, sai dai wannan karon ba a kan taya aka gwada ta ba, a kan ƙashi ne, shi kuwa ƙashi ba ya ba da damar gwaji na biyu ranar Lahadi.

Ya dawo a Afrilun 2021 a Portimão ta Fotugal bayan wata tara, ya zo na bakwai. A shekarar ya ci tsere uku, biyu daga ciki a Sachsenring da Austin, inda kwanonin hagu ke rage wa hannun dama wahala. Mutane suka ce ya warke, alhali bai warke ba. Faɗuwa a wurin atisaye a ƙarshen shekarar ta dawo masa da ganin biyu-biyu, wata mummunar faɗuwa a Mandalika ta Indonesiya a Maris ɗin 2022 ta sake tayar da ita, sannan bincike ya nuna cewa ƙashin dantsen ya haɗu a murɗe, da fiye da digiri talatin. Ma'anarsa ita ce ba ya iya ajiye gwiwar hannunsa inda salon tuƙinsa ke buƙata. A Yunin 2022 ya tafi asibitin Mayo a Minnesota ta Amurka, aka sake yanke ƙashin, aka juya shi daidai, aka ɗaure.

Yayin da yake zarya tsakanin asibitoci, wasan kansa ya sauya fuska. Gigi Dall'Igna, injiniyan da Ducati ta ɗauko a ƙarshen 2013, ya shigo da fukafukai masu danna babur ƙasa da ƙarfin iska, da na'urar da ke durƙusar da bayan babur a mafitar kwana don kada gaba ta ɗaga. Tun 2016 an tilasta wa kowa kwakwalwar inji iri ɗaya, tayoyin Michelin kuma suka maye gurbin na Bridgestone, abin da ya rage fifikon da kamfanonin Japan ke da shi. Daga 2022 zuwa 2024 Ducati na da babura takwas a layin farawa, kowanne yana aiko da bayanai da ake haɗawa wuri guda, ita kuwa Honda tana da huɗu, kuma mutumin da ya san yaren babur ɗinta yana kwance. Akwai wani abu kuma da ya shafi Márquez kai tsaye: fukafukan nan sun sa babur ya zama kamar yana kan layin dogo, sun rage filin da gwanintar hannu za ta cike giɓin inji. Abin da yake yi a 2019, wato ya ɗauki babur na uku a inganci ya kai shi na ɗaya, ya daina yiwuwa ga kowa.

Shekarar 2023 ce ta tabbatar masa da haka a jikinsa. Hannun ya samu sauƙi, amma babur ɗin ya koma baya, shi kuma ya ci gaba da tuƙa shi kamar da. Ya faɗi sau 29 a kakar. A Sachsenring, gonar tasa, ya faɗi sau biyar cikin mako guda, ya kuma ƙi fitowa tseren Lahadi. Ina ganin wannan janyewar ita ce mahimmiyar rana a rayuwarsa ta tsere, fiye da kowace nasara, domin ita ce karon farko da ya dubi iyakar ya yarda cewa babu komai a bayanta sai wani asibitin. A watan Oktoba aka sanar da rabuwarsa da Honda, saura shekara guda a kwantiragin da ake ɗauka mafi tsoka a wasan.

Inda ya nufa ya ba mutane mamaki. Gresini ƙaramar ƙungiya ce ta iyali, wadda Nadia Padovani ke jagoranta tun bayan da korona ta kashe mijinta Fausto Gresini a 2021, kuma a lokacin hayar baburan Ducati na shekarar da ta wuce take yi. Ƙanensa Álex yana can. Zakaran duniya sau takwas a dukkan matakai ya bar albashin kamfani, ya bar babban makanikinsa Santi Hernández da suka yi fiye da shekara goma tare, ya karɓi kwantiragin shekara ɗaya a kan babur kwance, don ya amsa wa kansa tambaya guda: shi ne ya ƙare, ko babur ɗin ne? Ranar 1 ga Satumbar 2024 ya yi nasara a Aragón, kwana 1,043 bayan nasararsa ta baya, ya ƙara da Misano da Phillip Island, ya ƙare kakar a na uku.

Lissafin bai tsaya a kan kwalta ba. Kujera ɗaya ce ta rage a babbar ƙungiyar Ducati kusa da Francesco Bagnaia don 2025, kuma kowa ya ɗauka ta Jorge Martín ce, wanda ke jagorantar teburi. Shirin kamfanin shi ne a ba Márquez sabon babur a Pramac, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke amfani da baburan Ducati a lokacin. A makon tseren Mugello sai ya fito fili ya ce Pramac ba zaɓi ba ce a wurinsa. Ducati ta fahimci cewa idan ba ta ba shi jar kujerar ba, zai kai gwanintarsa wani kamfanin, sai ta juya. Martín ya tafi Aprilia, ya kuma tafi da lamba 1 bayan ya ci gasar 2024, Pramac ma ta koma Yamaha. Mutum na iya cewa ba a yi wa Martín adalci ba, kuma da gaskiyarsa, amma ba a taɓa raba kujerun wannan wasa da ma'aunin adalci ba.

Kakar 2025 ba ta da dogon labari, domin babu takara a cikinta. Tun 2023 ana yin gajeren tsere ranar Asabar mai maki 12 ga na ɗaya, baya ga maki 25 na Lahadi. Márquez ya ci na Lahadi 11 da na Asabar 14, kuma daga Aragón zuwa Hungary ya haɗa duka biyun sau bakwai a jere. Wanda ya zo na biyu a teburi ƙanensa Álex ne. Abin lura shi ne yadda ya ci: sau da yawa yakan zauna a bayan wani yana tattalin taya da lura da iskar da ke cikinta, sai a zagayen ƙarshe-ƙarshe ya wuce ba tare da gogayya ba. Tsohon halin bai mutu gaba ɗaya ba, domin a Austin ya faɗi yana kan gaba da rata mai yawa bayan ya taka jiƙaƙƙen gefen hanya.

Masu cewa babur ne ya ci ba mutum ba suna da hujja rabi. Gaskiya ne Ducati ce ta fi kowa, kuma da ya zauna a Honda da babu wannan kambu. Amma Bagnaia, zakaran 2022 da 2023, yana kan babur iri ɗaya a gareji ɗaya, ya shafe shekarar yana kukan cewa ba ya jin tayar gaba, ya ƙare a na biyar. Tarihi ma ya nuna cewa sauya babur ba tabbas ba ne: Rossi ya bar Honda ya ci gasa da Yamaha a 2004, amma da ya koma Ducati a 2011 ya yi shekara biyu bai ci tsere ko ɗaya ba. Wanda ya fi kama da Márquez shi ne Mick Doohan na Ostareliya, da ya kusa rasa ƙafar dama bayan faɗuwa a Assen a 1992, ya koma kama birkin baya da babban yatsan hannu, ya kuma ci kambu biyar a jere daga 1994. Bambancin shi ne Doohan ya dawo ya tarar da babur ɗinsa yana nan da ƙarfinsa, shi kuwa Márquez ya dawo ya tarar da cewa gidan da aka gina a kan kafaɗarsa ya rushe, kuma da hannunsa a cikin ginin da rushewar.

Kambun Motegi ya kai shi tara a dukkan matakai, daidai da Rossi, bakwai kuma a babbar gasa, saura ɗaya ya kamo Giacomo Agostini. Mako guda bayan haka, a zagayen farko a Mandalika, Marco Bezzecchi ya daki bayan babur ɗinsa a wata kwana mai gudu, suka ƙundumo cikin tsakuwa tare. Wannan karon ba shi ya wuce iyaka ba, amma kafaɗar dama ce dai ta sake karɓar dukan. Aka yi masa tiyata a Madrid, saura tsere huɗu a kammala kaka, kuma shi da Ducati suka sanar cewa ba zai hau ko ɗaya daga cikinsu ba.